Jorge Luis Borges: Makahon da aka damƙa wa ɗakin karatun Ajantina, ya ɗaukaka gajeren labarin al'ajabi a duniya

A shekarar 1955 gwamnatin Ajantina ta naɗa Jorge Luis Borges shugaban babban ɗakin karatu na ƙasa da ke birnin Buenos Aires. Littattafai kusan 800,000 aka damƙa masa, a daidai lokacin da ganinsa ya dushe har ba ya iya karanta shafi ɗaya da kansa. Duk da haka ya riƙe muƙamin shekara 18, kuma a cikin makantar ce sunansa ya zagaya duniya. Borges, wanda ake furta sunansa da Borhes, bai taɓa rubuta dogon littafin labari ba. Gajerun labarai na al'ajabi da rubutattun waƙoƙi da maƙaloli ya bari, amma da su ya nuna cewa labari mai shafi biyar ko goma, mai kama da tatsuniya, zai iya ɗaukar tambayoyin da manyan malaman falsafa ke fama da su.

Yarinta a cikin littattafai

An haife shi ranar 24 ga watan Agustan 1899 a Buenos Aires, ya kuma tashi a unguwar Palermo, wadda a lokacin take bakin gari, ta yi suna da ƴan tauri masu faɗa da wuƙa. Mahaifinsa, Jorge Guillermo Borges, lauya ne kuma malamin ilimin halayyar ɗan Adam. Mahaifiyarsa, Leonor Acevedo, ta fito daga gidan tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin neman ƴanci. Kakarsa ta wajen uba Baturiyar Ingila ce, saboda haka yaron ya tashi da harshe biyu, Sifaniyanci da Ingilishi.

Ba a cika barinsa ya fita titi ba, sai ya tare a ɗakin littattafan mahaifinsa. A nan ya haɗu da Alfu Laila wa Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, a fassarar Richard Burton, littafin da ya riƙa karantawa a ɓoye don manya na ganin bai dace da yaro ba. Wannan littafi, wanda Hausawa ma suka san shi, kuma Abubakar Imam ya ɗebo daga cikinsa a Magana Jari Ce, bai rabu da Borges ba har ya mutu. Yana ɗan kimanin shekara 10 wata jarida ta buga fassarar da ya yi wa wani labarin Oscar Wilde, mutane suka ɗauka aikin mahaifinsa ne.

A gidan akwai wani abin gado da kowa ke tsoro: ciwon ido da ke kai ƴan zuriyar ga makanta. Neman magani ne ya sa mahaifin ya kwashi iyalinsa zuwa Turai a 1914. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rutsa da su a Jeneba, ƙasar Suwizalan, inda Borges ya yi sakandare da Faransanci, ya koyi Latin, ya kuma koya wa kansa Jamusanci. A 1919 suka koma Sifaniya, ya shiga cikin matasan mawaƙa masu neman sabon salo. A 1921 suka dawo gida.

Waƙa ce ta fara

Littafinsa na farko, Fervor de Buenos Aires, na waƙoƙi ne a kan titunan birninsu da tsakar gidaje da faɗuwar rana. Ya fito a 1923, kwafi 300, da kuɗin mahaifinsa. Da yake ba ya sa ran kowa zai saya, sai ya roƙi wani ma'aikacin wata mujalla ya riƙa zura littafin cikin aljihun manyan rigunan da baƙi ke ratayewa a ofis. Ta haka wasu marubuta suka fara karanta shi.

Wajen 1933 ya fara rubuta wa jaridar Crítica labaran shahararrun miyagu: ƴan fashin teku da ƴan damfara da masu da'awar ƙarya. Yakan ɗauki labarin gaskiya daga wani littafi, ya cakuɗa shi da abin da ya ƙaga. An tara su a littafi a 1935. A ƙarshen littafin ya sake ba da wata hikaya daga Dare Dubu da Ɗaya, ta mutumin Alƙahira da ya yi mafarkin dukiyarsa na Isfahan, ya yi doguwar tafiya ya sha duka, daga bisani ya gano cewa a gidansa take binne. Wannan hikaya ce ƙashin bayan shahararren littafin Paulo Coelho na Brazil mai suna O Alquimista, wanda ya fito a 1988.

Faɗuwar da ta buɗe hanya

Shekarar 1938 ta zo masa da jarrabawa biyu. Mahaifinsa ya rasu a watan Fabrairu. Shi kuwa ya kama aiki a wani ƙaramin ɗakin karatu na unguwa mai suna Miguel Cané, da albashi kaɗan. Ma'aikata sun yi wa aikin yawa, har abokan aikinsa suka gargaɗe shi ya rage sauri kada ya tona musu asiri. Sai ya riƙa gama aikinsa cikin awa guda, ya sauka ɗakin ƙasa ya yi ta karatu da rubutu. Wata rana wani daga cikinsu ya ga sunan Jorge Luis Borges a wani kundin ilimi, ya yi mamakin yadda suna da ranar haihuwa suka zo ɗaya, bai san shi ne ba.

A jajibirin Kirsimeti na shekarar, yana hawa bene da gudu, ya buga kansa da wata taga da ke buɗe. Ciwon ya ruɓe, guba ta shiga jininsa, ya yi makonni tsakanin rai da mutuwa. Da ya farfaɗo ya ji tsoron ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Ya yanke shawarar gwada abin da bai saba ba, don in ya gaza kunyar ta zo da sauƙi. Abin da ya fito shi ne labarin Pierre Menard, wani Bafaranshe da ya ƙudurta sake rubuta tsohon littafin Don Quijote kalma da kalma ba tare da ya kwafa ba. An buga shi a mujallar Sur a 1939.

Daga nan labarai suka yi ta zuwa, aka tara su a littattafai biyu da suka zama ginshiƙin sunansa: Ficciones a 1944 da El Aleph a 1949. A ɗaya, duniya gaba ɗayanta ɗakin karatu ce mai ɗakuna masu kusurwa shida, inda ake da kowane littafin da alamomin rubutu 25 za su iya haɗawa, kowanne mai shafi 410. Gaskiyar kome tana ciki, amma ƙarya da shirme sun binne ta, ma'aikatan kuma suna tsufa su mutu suna nema. A wani, saurayi mai suna Funes ya faɗo daga doki ya wayi gari ba ya mance kome, ko siffar gajimaren da ya gani shekarun baya, sai tunanin kansa ya gagare shi, domin tunani na bukatar mantuwa. A wani kuma, wani boka ya yi mafarkin yaro gaɓa bayan gaɓa har ya rayu, a ƙarshe ya gane cewa shi ma wani ne ke mafarkinsa.

Abin da ya bambanta Borges shi ne yadda yake ba da irin waɗannan labarai. Ba ya ɗaga murya, ba ya yawan ado. Yakan rubuta su kamar rahoton malami, da sunayen littattafai da shekaru da bayanan ƙasan shafi, wasu na gaske, wasu na ƙage, har mai karatu ya rasa inda gaskiya ta tsaya. A ganinsa ɓata lokaci ne a cika shafi ɗaruruwa da abin da za a iya faɗa cikin ƴan mintoci. Gara a ɗauka an riga an rubuta littafin, a kawo taƙaitawarsa. A 1940 shi da abokinsa Adolfo Bioy Casares da Silvina Ocampo suka fitar da tarin labaran al'ajabi daga sassan duniya, littafin da ya buɗe wa matasan marubutan Latin Amurka ido.

Gabas a cikin labaransa

Tarihin Musulunci da adabin Larabawa da Farisa sun ratsa aikinsa. Ya rubuta doguwar maƙala a kan waɗanda suka fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa harsunan Turai. Ya rubuta labari a kan Ibn Rushd, malamin Ƙurɗuba, yana fama da kalmomi biyu na Aristotle da suka shafi wasan kwaikwayo, abin da bai taɓa gani ba, alhali a tsakar gida yara na wasa, ɗaya ya zama ladan, ɗaya hasumiya, ɗaya masu salla.

Akwai kuma ɗan labarinsa mai shafi ɗaya na sarakuna biyu. Sarkin Babila ya gina gida mai ruɗaɗɗun lunguna, ya sa baƙonsa, wani sarkin Larabawa, ya shiga ya yi ta yawo cikin wulaƙanci har yamma. Balaraben ya koma gida ya tara runduna, ya kama sarkin Babila, ya ɗaure shi a kan raƙumi suka yi tafiyar kwana uku, ya kwance shi a tsakiyar hamada, wurin da babu bango ko ƙofa, ya bar shi. Duk wanda ya san Tenere ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan labari.

Siyasa: abin yabo da tabo

A shekarun 1930 da lokacin yaƙi Borges ya yi rubutu a fili yana sukar ƴan Nazi da ƙyamar Yahudawa. Ya kuma yi adawa da Juan Perón. Da Perón ya hau mulki a 1946 aka ɗauke shi daga ɗakin karatu aka mai da shi mai duba kaji da zomaye a kasuwa. Ya ajiye aikin. A 1948 aka tsare ƙanwarsa Norah a kurkuku, aka yi wa mahaifiyarsu ɗaurin talala saboda zanga-zanga. Don neman abinci ya fara ba da laccoci, shi da a da kunya ba ta barinsa ya yi magana a gaban jama'a. Juyin mulkin da ya kifar da Perón a 1955 ne ya kai shi shugabancin ɗakin karatu na ƙasa, inda magabatansa biyu, José Mármol da Paul Groussac, su ma makafi ne. Ya sauka a 1973 da Perón ya dawo.

Ƙiyayyar Perón ce ta kai shi ga kuskuren da ya fi ɓata masa suna. A 1976 ya yi maraba da sojojin da suka ƙwace mulki, ya ci abinci da Janar Jorge Videla, ya kuma je Chile ya karɓi lambar girma a zamanin Augusto Pinochet. Gwamnatin Videla ta sace dubban mutane da ba a sake ganinsu ba. Da iyayen waɗanda suka ɓace suka same shi suka ba shi labari, ya canza. A 1980 ya sa hannu a takardar neman a bayyana inda suke, a 1985 kuma ya halarci zaman shari'ar shugabannin sojojin. Masu sharhi da dama na ganin tafiyar Chile ce ta hana shi kyautar Nobel, wadda bai taɓa samu ba.

Rubutu ba ido

Makanta ta mai da shi ga waƙa. Da yake ba ya iya duba abin da ya rubuta ya gyara, sai ya koma ga waƙa mai awo da amsa-amo, wadda zai iya tsarawa a ka yana tafiya a titi, ya hardace, sannan ya yi wa wani shifta. Mahaifiyarsa ce ta daɗe tana yi masa karatu da rubutu, har ta rasu a 1975 tana da shekara 99. Ɗalibai da baƙi ma sukan karanta masa. A cikin makantar ya koyi tsohon Ingilishi, ya koyar a Jami'ar Buenos Aires, ya fitar da littattafai irin su El hacedor a 1960 da El libro de arena a 1975. Tare da Margarita Guerrero ya tara kundin halittun almara, har da tsuntsun Rukh na hikayoyin Sindbad da Simurgh na Farisa.

Faransa ce ta fara fitar da shi waje: kamfanin Gallimard ya buga fassarar Ficciones a 1951, a jerin littattafan da Roger Caillois ke kula da su. A 1961 ya raba kyautar Formentor da Samuel Beckett, fassarori suka biyo baya cikin harsuna da yawa. Ya samu kyautar Cervantes ta 1979, mafi girma a adabin Sifaniyanci, a shekarar kuma aka ba shi lambar girma ta World Fantasy, ta marubutan labaran al'ajabi. Shi ne ya buga wa Julio Cortázar ɗaya daga labaransa na farko a 1946. Gabriel García Márquez da Italo Calvino sun amfana da shi, Umberto Eco kuma ya sa wa makahon mai gadin littattafai a cikin Le Nom de la rose suna Jorge na Burgos.

A ƙarshen 1985, bayan an gano yana da ciwon dajin hanta, ya koma Jeneba, garin samartakarsa, tare da María Kodama, tsohuwar ɗalibarsa wadda ya aura a watan Afrilun 1986. Kodama ta ba da labarin cewa a makonninsa na ƙarshe sun ɗauki wani malami ɗan Masar yana koya masa Larabci, harshen littafin da ya fara karantawa a ɓoye yana yaro. Ya mutu ranar 14 ga watan Yunin 1986 yana da shekara 86, aka binne shi a maƙabartar Plainpalais da ke Jeneba.