Waliyyiya Josefin Bakhita: Mai Raino Wadda Ta San Godiya

Ranar 8 ga watan Fabrairu Ikkilisiya takan tuna da Waliyyiya Josefin Bakhita, 'yar ƙasar Sudan. Bisharar Luka, sura 17, ta ba mu labarin kutare goma da Ubangiji ya warkar, amma ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, shi kuwa baƙo ne. Rayuwar wannan baiwar Allah tana taimakonmu mu fahimci wannan karatu.

An haife ta wajen shekara ta 1869 a ƙauyen Olgossa, cikin ƙasar Darfur. Tana ƙaramar yarinya masu farautar bayi suka sace ta. Saboda tsananin firgita ta mance sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka sace ta ne suka sa mata suna Bakhita, wato mai sa'a da Larabci. An sayar da ita sau da dama. A gidan wani janar na sojan Turkiyya a El Obeid aka yi mata tsaga 114 a jiki, aka cusa gishiri a ciki.

A shekara ta 1883 wani wakilin Italiya a Khartum, Callisto Legnani, ya saye ta. A gidansa ne ta fara kwana ba bulala. Da yaƙin Mahadi ya matso, ta roƙe shi ya tafi da ita, suka isa Italiya a 1885. Can aka ba da ita ga iyalin abokinsa, Augusto Michieli, da matarsa Turina. Da aka haifa musu 'ya a 1886, wadda ake kira Mimmina, Bakhita ta zama mai rainonta. Ita ke goyonta, ita ke kwantar da ita, har suka shaƙu kamar uwa da 'ya.

Iyalin Michieli suna da wani wakili mai kula da dukiyarsu, Illuminato Checchini, mutum mai tsoron Allah. Shi ne ya ba ta wani ɗan gicciye na azurfa, ya bayyana mata cewa wanda ke kansa ya mutu dominta. Ba ta taɓa mallakar kome ba kafin wannan, don haka ta ɓoye shi, tana dubansa a asirce. A ƙarshen 1888 uwargida Turina za ta bi mijinta zuwa Suwakin, inda ya sayi otal. Bisa shawarar Checchini ta bar Mimmina da mai rainonta a hannun Sistocin Kanossa a birnin Benis. A nan Bakhita ta shiga koyon katekisma, ta gane cewa Allahn da take ji a zuciyarta tun tana yarinya, sa'ad da take duban rana da taurari, ya san ta, yana kuma ƙaunarta.

Bayan shekara guda uwargida ta komo domin ta tafi da su Sudan. Nan fa gwaji ya zo. Bakhita ba ta manta alherin gidan ba. Sun ba ta ci da sutura, sun amince mata da 'yarsu. Rabuwa da Mimmina kuma ta fi mata kome ciwo. Amma ba a riga an yi mata baftisma ba, ta kuwa san in ta tafi, bangaskiyarta za ta shiga hatsari. Kwana uku ana lallashinta, ta ƙi, cikin ladabi da hawaye. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 hukuma ta yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka Bakhita 'ya ce, tana da ikon zaɓen inda za ta zauna. Uwargida ta tafi da yarinyar, Bakhita ta zauna.

An yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu 1890, ta karɓi suna Josefin. Ta ɗauki alkawarin zama Sista ranar 8 ga Disamba 1896. Daga 1902 ta zauna a garin Skiyo, tana dafa abinci, tana gyara kayan bagade, tana tsaron ƙofa. Hannuwan da suka raini Mimmina su ne take ɗora wa 'yan makaranta a ka, tana sa musu albarka. Iyalin Checchini ta riƙe su kamar danginta. Har waɗanda suka sace ta ta gafarta musu, tana ganin Allah ya bi ta muguntarsu ya kawo ta ga baftisma, kamar yadda Yusufu ya fahimci nasa sha'ani a Littafin Farawa, sura 50. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana ta mai albarka a 1992, ya kuma sa ta cikin waliyyai ranar 1 ga Oktoba 2000.

'Yan'uwa, a gidajenmu da yawa akwai 'yan mata da aka kawo daga ƙauye domin raino. Iyayen gida, ku tambayi kanku: kuna sa su makaranta? Kuna barinsu su zo Misa da katekisma? Kuna biyansu haƙƙinsu? Alherin da kuka yi musu bai mai da su mallakarku ba. Ku zama musu kamar Checchini. Ku kuma masu raino, ku riƙe amanar 'ya'yan mutane, ranar da za ku bar gidan ku yi sallama da godiya. Amma ku tuna, godiya mafi girma ta Allah ce, kada kunyar mutum ta raba ku da shi.

Waliyyiya Josefin Bakhita, ki yi addu'a dominmu. Amin.