Tanimun ɗan Sulaiman: uban sarakunan Damagaram da gidan da ya bari

A farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Duk wanda ya tsaya gaban ɓaraguzan ya waiwaya ya ga fadar da ke kusa, tunaninsa zai koma zamanin mutum guda, wato Sarki Tanimun ɗan Sulaiman. A shekarar da masallacin ya faɗi ne ya cika shekara 140 da rasuwa.

Damagarawa sun fi tuna Tanimun da yaƙi, da ganuwa, da igwa. Sai dai a tarihin masarautar yana da wani matsayi kuma: shi ne uban da ƴaƴansa uku suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya, kuma a kansu ne guguwar zuwan Nasara ta sauka. Labarin rayuwarsa labarin maigida ne da ya yi shekara fiye da 30 yana kafa gida da katange shi, da kuma abin da ya sami gidan bayan ya kau.

Ɗan sarki, ɗan uwan sarki

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali daga wani malami da ya fito daga ƙasar Barno, wanda tarihi ya riƙe da sunan Malam, ya kafa ikonsa wajen 1731. Zuriyarsa Barebari ne, amma zama cikin Hausawa ya sa Hausa ta zama harshen gari da na kasuwa. Shekaru da dama sarautar tana ƙarama, tana yawo tsakanin ƙauyuka, tana kai gaisuwa Barno.

Mahaifin Tanimun, Sulaiman ɗan Tintuma, wanda ya yi sarauta daga 1812 zuwa 1822, shi ne ya mayar da gadon mulki garin Zindar, a tsakanin duwatsun nan da kowane ɗan gari ya sani. A wannan gida Tanimun ya tashi, yana ganin yadda ƙauye ke zama birni a hannun ubansa.

Bayan Sulaiman, ɗansa Ibrahim ne ya hau gado a 1822. Tanimun bai haƙura da zaman ɗan sarki ba. A 1841 ya karɓi sarautar, a 1843 Ibrahim ya dawo ya karɓe abinsa. A duk wannan kai-komo, Shehun Barno Umar da ke Kukawa yana da ta cewa, domin har lokacin Damagaram ƙarƙashinsa take, kuma rigimar ƴan uwa biyu ba ta rage masa komai ba. Sai a 1851, bisa jerin sarakunan da aka saba da shi, Tanimun ya koma kan gado, ya zauna har rasuwarsa a 1884.

Shekara goma ke nan ƴaƴan mutum ɗaya suna ja-in-ja a kan gadon ubansu. Wanda ya sha wannan ya san cewa ɓarakar gida ta fi harin maƙwabci haɗari. Ana iya ganin alamar wannan darasi a yadda ya tsara fadarsa: ya ɗaga darajar bayin sarki da babanni, ya damƙa musu manyan ayyuka na yaƙi da na cikin gida. Bawan sarki ba ya neman gado, ƙarfinsa duka daga ubangidansa yake.

Maigidan Birni

A ƙasar Hausa ana auna maigida da abu uku: ya ciyar, ya tufatar, ya tsare. Tanimun ya ɗauki Damagaram kamar gidansa, ya fara da tsaro. A shekarun 1850 ya kewaye Birni da doguwar ganuwa ta ƙasa mai ƙofofi, wadda ake rufewa in dare ya yi. Fadar da ke tsaye yau, da zaurukanta da sorayenta, ita ma ginin wancan zamani ce.

A wajen ganuwa kuwa akwai Zango, masaukin fatake da Buzaye. Nan ayarin raƙuma ke sauka daga Tarabulus, bayan ya ratso Gadamas da Gat da Agadas da Damargu, kafin ya wuce Kano. Larabawa na kawo yadi da takarda da bindigogi, su koma da fatu da gashin jimina da bayi. Gishirin Bilma da dabino su ma ta nan suke bi. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka garin a ƙarshen Disamba 1852, ya yi kusan wata guda, ya kuma lura da muhimmancinsa a matsayin ƙofar Barno ta fuskar hanyar hamada.

Tanimun ya gane cewa wanda ya riƙe wannan hanya ya riƙe arziki. Da kuɗin fito da ribar fatauci ya sayi bindigogi masu yawa. Ya kuma sa maƙeran garin suka riƙa zuba igwa da tagulla, ana haɗa albarushi a gida. A wancan lokaci, da wuya a sami wata masarauta a yankin da ke ƙera irin wannan makami da hannun mutanenta.

Da wannan ƙarfi ya faɗaɗa ƙasa. Mirriya, da ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Waca, har zuwa Muniyo a gabas, duk suka shiga ƙarƙashin Damagaram. Masana tarihi na kiyasta faɗin masarautar da murabba'in kilomita kusan 70,000. A baki, Tanimun bai fita daga biyayyar Barno ba, amma a aikace Kukawa ba ta iya ba shi umarni kamar yadda take ba magabatansa. A kudu kuma sarakunan daular Sakkwato, daga Kano zuwa Haɗeja, sun san da zamansa a kan iyaka.

Cikin gidan sarki na wancan zamani gari ne guda: matan aure, sa-ɗaka, kuyangi, babanni masu tsaron ƙofa, malaman da ke karantar da yara, da ƴaƴa daga ɗakuna daban-daban. Shi ya sa ake bambanta ɗan sarki da sunan uwarsa, kamar yadda tarihi ya riƙe Sulaiman ɗan Aisa. A irin wannan gida uba ɗaya ne, amma kowane ɗaki da nasa buri, kuma ƴan ubanci ba ya nisa. Riƙe wannan taro shekara 33 ba tare da wani ɗa ko ɗan uwa ya tumɓuke shi ba, shi ma aiki ne da ya kai cin gari da yaƙi.

Gidajen da suka watse

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba a cika faɗa a bakin fada ba. Arzikin Damagaram na ƙarni na 19 ya dogara ƙwarai a kan bayi. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna garin a farkon 1851 lokacin Sarki Ibrahim, ya rubuta abin da ya gani da idonsa: ana fita hari ƙauyukan da ke kusa, a dawo da mata da yara a ɗaure, a biya bashin fatake da su.

Wannan tsari Tanimun ya gada, kuma da shi ya yi aiki. Bayi ne suka yi noman gandayen sarki, su suka cika rundunar ƴan bindiga, su ne kuma aka sayar aka sayo makamai. Ganuwar da ta ba mutanen Birni barci da ido biyu a rufe, da hannun mutanen da aka raba da iyayensu aka ɗora wani sashe nata. Yau jikokin waɗanda suka yi harin da na waɗanda aka kamo duk ƴan gari ɗaya ne, suna sallah sahu ɗaya, suna auratayya. Tuna Tanimun a matsayin uba ba zai cika ba sai an tuna da waɗancan iyaye su ma.

Ƴaƴa uku, gado ɗaya

Da Tanimun ya rasu a 1884, abin da ya sha a ƙuruciya ya so ya maimaita kansa. An yi ƴar gajeriyar takaddama a kan gado, kafin ɗansa Sulaiman ɗan Aisa ya zauna daram. Ya riƙe ƙasar har 1893, shekarar da Rabe ya ci Barno ya rushe Kukawa. Daga nan Damagaram ba ta da wani ubangida a sama.

Ɗa na biyu, Amadu, wanda aka fi sani da Kuran Daga, ya gaji rundunar ubansa da zuciyarsa. Ya kai yaƙi cikin ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu, har aka gwabza a Gezawa. Amma a lokacin da yake duban kudu, wani haɗari na tahowa daga yamma. A 1898 wani sojan Faransa, Kaftin Cazemajou, ya iso Damagaram a kan hanyarsa ta zuwa wurin Rabe. Fada ta ji tsoron kada Nasara da Rabe su haɗa kai a kanta. Ranar 5 ga Mayu aka kashe Cazemajou da tafintansa.

Faransawa ba su manta ba. Rundunar da Voulet da Chanoine suka jagoranto, wadda ta bar ƙone-ƙone da gawawwaki a ƙasar Hausa kafin a kashe shugabanninta biyu, ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashin sauran hafsoshinta. A ƙarshen watan Yuli na 1899 aka haɗu a Tirmini, yamma da birnin. Dawakin Damagaram da igwan Tanimun ba su iya tsayawa gaban bindigogin zamani ba. Faransawa suka shiga Birni, Amadu ya fita, aka bi sawunsa aka kashe shi a watan Satumba. Shekara 15 kacal ke nan bayan rasuwar mahaifinsa.

Ɗa na uku, Amadu ɗan Bassa, Faransawa ne suka naɗa shi, ya zauna a fadar ubansa yana karɓar umarni daga kwamanda. A 1906, shekarar da aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato da na Kobkitanda a ƙasar Doso, hankalin Nasara ya tashi. Suka zarge shi da shirya maƙarƙashiyar hallaka Turawan garin, suka tuɓe shi, suka kai shi Kwaddibuwa tare da wasu manyan gari. Riƙon masarautar kuma suka ba Bellama, ɗaya daga cikin babannin fada. Tsarin da uba ya ƙarfafa don kare gadonsa, da shi baƙi suka yi amfani wajen raba ɗansa da gadon.

Shekaru 17 Damagaram ba ta da sarki daga gidan sarauta. A cikinsu ne garin ya zama babban birnin ƙasar Nijar ta mulkin mallaka, daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. A 1923 Faransawa suka ga ba su da mafita sai su mayar da sarautar gidanta, aka naɗa Barma Mustafa, wanda ya yi mulki har 1950. Umaru Sanda ya gaje shi har 1978. Har yau gidan da Malam ya kafa, Tanimun ya ɗaukaka, shi ke riƙe da sarautar.

Abin da ya rage

Ganuwar Birni ta zube, sai ɗan guntayenta nan da can. Ayarin Tarabulus ya daina zuwa tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatauci ya juya bakin teku. Fadar kuwa tana nan da mutanenta, kuma kowace sallah dogarai da mahaya na cika ƙofarta. Tun 2006 unguwar Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Yawancin abin da ɗaliban Nijar suka sani game da Tanimun ya zo ne ta hannun wani ɗan garin, masanin tarihi André Salifou, wanda ya wallafa littafi a kan masarautar a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai ɗauke da sunan sarkin. Salifou ya rasu a 2022, kuma jami'ar Damagaram na ɗauke da sunansa.

Sunan uba da na ɗa kuwa suna nan a bakin ƴan gari kullum, ko da ba su yi niyyar tuna tarihi ba. Babbar makarantar sakandaren garin sunanta Amadu Kuran Daga. Barikin da Faransawa suka gina a kan dutse suka sa masa sunan Cazemajou, yanzu da sunan Tanimun ake kiran sa.

Gine-ginen ƙasa irin na Birni ba sa tsayawa sai da yaɓe kafin kowace damina. A zamanin Tanimun, umarnin sarki ne ke fito da mutane wannan aiki. Bayan faɗuwar masallacin a 2024, nauyin kula da fadar da sauran tsofaffin gidajen unguwar ya rataya ne a wuyan masarauta, da hukuma, da duk wani Badamagare da ke kiran mutumin nan kakansa.