Abdu Mumuni, mushen da ya koma ɗan lakwal

Ko kun taɓa jin sunan Abdu Mumuni? In kuna sauraren rediyo, lalle kun ji shi. Duk lokacin da aka yi maganar babbar makarantar nan ta Yamai, sai a ce Jami'ar Abdu Mumuni. Mutane da yawa sun san sunan, amma ba su san mai sunan ba. Wani ma yana tsammanin tsohon minista ne ko babban soja. To, mushen lakwal ne. Da alli ya fara aiki, kuma har ya rasu bai bar koyarwa ba.

Cikakken sunansa Abdu Mumuni Joffo. An haife shi a Tasawa, ranar 26 ga watan Yuni, shekarar 1929. A lokacin Nasara ne ke mulkin ƙasa. Lakwal kaɗan ce ƙwarai, kuma iyaye da yawa gudunta suke yi, har a ɓoye yaro cikin rumbu kada a rubuta sunansa. Shi dai an saka shi. Ya yi karatunsa na farko a Damagaram, ya ci gaba a Yamai.

A wancan zamani, yaron da ya yi ƙoƙari a Nijar ba shi da inda zai ƙara ilimi a gida. Sai ya yi doguwar tafiya zuwa Senegal. A can akwai wata makaranta mai suna William Ponti, inda ake tara yara masu ƙwazo daga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki. Abdu ya shiga wannan makaranta a 1944, yana da shekara 15. Yawancin waɗanda suka fito daga Ponti, nan karatunsu yake tsayawa. A ba mutum aikin mushe ko na akawu, ya koma ƙasarsu, ya zama babban mutum a garinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin. Amma Abdu bai tsaya nan ba. Ya ci jarrabawar bak, ya wuce Paris, babban birnin Faransa.

Abin da ya zaɓa ya karanta shi ne fizik. Kada kalmar ta ba ku tsoro. Fizik shi ne ilimin da ke bayyana yadda abubuwan duniya ke aiki: haske, zafi, nauyi, motsi, da wutar lantarki da muke kira kuran. Me ya sa baƙar riga ta fi farar riga ɗaukar zafi? Me ya sa ruwan randa ke yin sanyi ko a watan bazara? Duk fizik ne. Kowace mace mai randa ta san abin yana faruwa. Mai fizik kuwa yana neman dalili, ya auna, ya rubuta da lissafi.

Ya samu takardar lisans a 1953. A 1956 ya ci wata jarrabawa mai wuyar gaske da ake kira agiregasiyo. Ita ce jarrabawar da Faransa ke tace manyan malaman lise da ita. Ba yawan maki kaɗai ake dubawa ba. Gasa ce: wurare ƙidayayyu ne, masu nema kuwa da yawa, kuma mafi yawansu ƴaƴan Faransa ne da suka tashi da harshen tun daga nono. Abdu Mumuni shi ne na farko da ya ci ta a fannin fizik cikin ƴan ƙasashen baƙar fata na Afirka da Faransa ke mulki. Shekarunsa 27.

Aka tura shi koyarwa a babban lise na Dakar. Aiki mai kyau, albashi mai kyau. Bayan shekara biyu sai ga wani al'amari. A ranar 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar nan ta "i" ko "a'a", wadda tsofaffinmu ke tunawa. Ƙasar Gine ta ce a'a, ta karɓi ƴancin kanta nan take. Faransa ta yi fushi, ta kwashe ma'aikatanta, har da malaman makaranta. Yara suka zauna a aji babu mai koya musu. Sai wasu matasa masu ilimi daga ƙasashen Afirka suka ajiye aikinsu, suka tafi taimako. Abdu yana cikinsu, haka ma Jozef Ki-Zerbo, masanin tarihin nan na ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. Abdu ya koyar a lise na Donka, cikin birnin Konakiri. Daga nan ya dawo gida a 1959, ya koyar a kwalejin Yamai.

Yanzu ga wurin da nake so ku tsaya ku duba da kyau. Mutum ya wuce shekara 30. Yana da takardar da babu mai irinta a ƙasarsu. In ya shiga aji, kowa miƙewa yake yi. Da ya ga dama, da ya zauna yana maimaita darasi ɗaya kowace shekara har tsufa, babu mai ce masa don me. Sai ya ɗauki jakarsa, ya tafi Tarayyar Sobiyet, ƙasar da yau mafi girmanta ita ce Rasha. Ya samu bursu daga babbar cibiyar kimiyya ta ƙasar, ya yi karatu da bincike daga 1962 zuwa 1964. Ga sanyi, ga wani harshe dabam mai baƙaƙe dabam. Wanda jiya yake ba da maki, yau shi ke tambaya. Ku da kuka zauna a benci da furfura a gemu, ko da goyo a baya, kun san nauyin wannan abu fiye da kowa.

Me ya je koyo? Yadda ake sa rana aiki.

Dalilinsa a fili yake. Nijar ba ta da teku. A lokacin ba a haƙo mai a ƙasar ba, sai a 2011 aka fara. Duk ɗigon kananzir da na gazuwal daga nesa yake zuwa a kamyo, da tsada. Girki kuwa da itace ne, daji yana ta ja da baya, mata suna ƙara nisan tafiya neman kirare. Amma akwai abu ɗaya da muke da shi har ya yi mana yawa, har muna kuka da shi. Rana ce. Littattafan da ya karanta a Paris an rubuta su ne a ƙasar da ke da gawayin ƙasa da hazo. Ilimin yana da kyau, amma bai amsa tambayar ƙauyenmu ba. Shi ya sa ya tafi neman ƙari.

A 1964 ya sauka a Bamako, ƙasar Mali. Ya koyar a babbar makarantar horar da malamai, kuma ya kafa ɗakin bincike a kan ƙarfin rana. Yana koyarwa, yana bincike, yana rubutu. A 1967 ya samu digirin dokta na ƙasa a Faransa, wanda shi ne ƙololuwar takardun ilimi a can a lokacin. Yana da shekara 38. Bincikensa a kan madubi ne mai zurfi kamar ƙwarya. In aka fuskantar da irin wannan madubi ga rana, duk hasken da ya faɗa cikinsa yakan taru wuri ɗaya. Wurin nan yana yin zafi ƙwarai, har ya tafasa tukunya. Aikin Abdu shi ne auna yadda zafin ke rabuwa a wurin, don a san yadda za a ƙera madubin da inda za a ɗora abin da ake son zafafawa.

A 1969 ya dawo Nijar, aka ba shi shugabancin ofishin ƙarfin rana, wanda ake kira ONERSOL. Ya riƙe shi har 1985. A nan aka ƙera na'urori da dama. Akwai ta ɗumama ruwa. Yadda take aiki ba wuya: baƙin faranti ne a ƙarƙashin gilashi, da tiyo a jikinsa. Rana ta gasa farantin, ruwan cikin tiyo ya yi zafi. Ruwan zafi kuwa ya fi na sanyi sauƙi, sai ya hau da kansa zuwa tano da ke sama, na sanyi ya sauko ya maye wurinsa. Babu itace, babu hayaƙi. Akwai ta tace ruwa, inda rana ke mai da ruwa tururi, tururin ya taru a jikin gilashi ya ɗiga da tsabta. Akwai ta busar da kayan abinci, da murhun rana, da injin jawo ruwa.

Gaskiya, ba duka ne suka shiga gidajen talakawa ba. Kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi. Murhun rana kuma yana da tasa matsalar. Sai da tsakar rana yake aiki, alhali tuwon dare da yamma ake tuƙa shi, kuma wace mace ce za ta tsaya cikin ƙwallon rana tana tuƙi? A ganina wannan ba ya rage darajar aikin. Ya nuna dai cewa sanin haske da zafi kaɗai ba ya isa. Sai an haɗa da sanin yadda mutane ke zama, da abin da ke aljihunsu.

Shi kansa ya san haka, don ba fizik kaɗai ya sa a gaba ba. Tun a 1964 ya fitar da littafi a kan tarbiyya da karatu a Afirka. Mutane sun yi mamaki: me ya haɗa mai madubi da tarihi, da harshe, da tattalin arziki? Shi kuwa a wurinsa abu ɗaya ne. Ya shekara da shekaru a gaban allo, ya ga abin da ke damun yara, ya koma ya binciki tushen abin.

A cikin littafin ya fara da yadda kakanninmu ke renon yaro kafin zuwan Nasara. Ya nuna cewa ba a raba ilimi gida-gida. Yaron da ya bi ubansa gona yana koyon noma, yana koyon sunayen itatuwa da maganinsu, da alamun damina, da ladabi, da tarihin gidansu, duk a yini ɗaya. Da dare ga tatsuniya da kacici-kacici suna wasa masa ƙwaƙwalwa. Kuma dukan gari ne ke tarbiyya, kowane babba malami ne. Abin da ake koyo da hannu da wanda ake koyo da kai tafe suke tare. Bai ce komai na da daidai ne ba. Ya ga inda aka gaza, musamman rashin rubutu a wurare da yawa, wanda ke sa ilimi ya bi tsoho kabari.

Sannan ya juya kan lakwal ta Nasara. Ya nuna an kafa ta ne don samar da akawu da tafinta da ƙananan ma'aikata, shi ya sa ƴan kaɗan take ɗauka. A Nijar, lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Wanda ya shiga kuma, sai a hana shi harshen uwarsa. Tsofaffin ƴan lakwal suna tuna sambol, abin nan da ake rataya wa yaro a wuya in ya yi Hausa ko Zabarmanci a makaranta. Yaro ɗan shekara bakwai yana fama da abu biyu a lokaci guda: baƙon harshe da sabon ilimi. Da yawa suna faɗuwa ba don ba su da kai ba.

Shawararsa ita ce a koyar da yara cikin harsunan ƙasa, a haɗa makaranta da aikin gona da sana'a, a ba kimiyya babban wuri, kuma a koya wa manya karatu da rubutu cikin harshen da suke magana da shi. Ga mutumin da ya ƙware a Faransanci har ya kada ƴaƴan Faransa a jarrabawarsu, shi ne kuma ke cewa a fara da harshen gida. Babu mai iya cewa don ya kasa ne. Littafin kansa da Faransanci ya rubuta shi, don masu mulkin da yake jayayya da su shi suke karantawa. An juya shi zuwa Ingilishi a 1968, an kuma sake buga shi a 1998.

Ba shi kaɗai ne mai wannan ra'ayi ba, kuma abin ya ɗan motsa. A 1966 masana suka taru a Bamako, suka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa. Wannan takarda da ke hannunku ma cikin wannan hanya take. Amma aikin ya yi tafiyar hawainiya, kuma makarantun gwajin sun daɗe suna amsa sunan gwaji.

A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai. Ya yi ƴan shekaru a kujerar, ya sauka, ya ci gaba da koyar da fizik. Ɗaliban da ya horar sun zama malamai, wasu sun ci gaba da binciken rana. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'a sunansa.

Bai ga zamanin da panno ya yi araha ba, har ake cajin waya da jawo ruwan garka da shi a ƙauye. Bai ga tashar kuran ta rana da aka buɗe a Malbaza a 2018 ba, ko ta Goru Banda kusa da Yamai a 2023. Panno ɗin nan dabararsa dabam ce da ta madubinsa: shi haske yake mayarwa kuran kai tsaye, madubi kuwa zafi yake tarawa.

In wata rana tafiya ta kai ku Yamai, ku haye gadar Kenedi zuwa Harobanda, can jami'ar take. Ku nemi allon da ke ɗauke da sunanta, ku karanta da kanku. Da rubutun Faransanci yake: Abdou Moumouni. Kada ya rikita ku. A Faransanci, in "o" da "u" suka haɗu, "u" ake karantawa.