Lamine Senghor, sojan da hayaƙin yaƙi ya kashe

 A wannan fitowa za mu tuna da wani talaka soja, Lamine Senghor. Kada a ɗauke shi Léopold Senghor, shugaban Senegal na farko: suna ne kawai ya zo ɗaya.

An haife shi a Senegal a 1889. Da yaƙin 1914-1918 ya tashi tsakanin Faransa da Jamus, aka ɗauke shi soja, kamar yadda aka ɗebi samari a duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki, har da tamu. Ya yi faɗa a Chemin des Dames a watan Afrilu 1917, inda baƙaƙen sojoji suka hallaka da yawa cikin sanyi da taɓo. A wannan shekara kuma, kusa da Verdun, ya shaƙi hayaƙi mai guba da Jamusawa suka harbo. Hayaƙin ya cinye masa huhu. Ya fito da muƙamin sarjan da lambar yabo, da tari wanda bai sake barinsa ba.

Bayan yaƙi ya zauna a Paris, yana aiki a gidan waya. Nan ya gane cewa kuɗin da ake biyan Bature mai rauni ya ninka na baƙin soja mai irin rauninsa nesa ba kusa ba, alhali a rami guda suka kwana.

A 1924 depite Blaise Diagne, wanda ya zagaya ɗibar sojoji a 1918, ya kai ƙarar jaridar Les Continents don ta zarge shi da samun kuɗi a kan aikin. Lamine ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a ɓangaren jaridar, ya faɗi abin da ya gani da idonsa a bakin daga. Diagne ne ya ci shari'a, amma daga ranar aka san sunan Lamine.

A 1926 ya kafa ƙungiyar kare baƙar fata. Yana tari yana tofar da jini, ya bi biranen bakin teku kamar Marseille da Bordeaux, yana tara ƴan dako da ma'aikatan jiragen ruwa. A watan Fabrairu 1927 ya yi jawabi a babban taron ƙin mulkin mallaka a Bruxelles, taron da Nehru na Indiya ya halarta. Ya yi magana a kan aikin tilas da kan bambancin fansho. Da ya koma Faransa aka tsare shi a kurkuku na ɗan lokaci. Ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a Fréjus ran 25 ga Nuwamba 1927, yana da shekara 38. Shekara goma ya yi yana ɗauke da raunin.

Maganarsa ta daɗe ba ta sami amsa ba. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashenmu, ba ƙari. Sai a 2007 da 2011 aka daidaita shi da na Turawa, bayan mafi yawan masu haƙƙin sun kwanta dama.

Mu ma muna da irin su Lamine, waɗanda suka dawo da tari ko gurgunta suka mutu shiru. Muna roƙon dattawa su faɗa mana sunayensu, duk gidan da ke da tsohuwar takardar soja ko lambar yabo kuma ya nuna mana mu rubuta, don yara su karanta a lakkwal. Allah ya jiƙan mazan jiya.