Yuchi Gong: Jarumin da har yau ke tsaron ƙofofin gidaje a ƙasar Sin

Idan sabuwar shekarar gargajiya ta ƙarato a ƙasar Sin, magidanta kan manna sababbin zane-zane masu launi a ƙyauren gidajensu, kamar yadda ake sabunta fentin gida gabanin Sallah. Ana kiran su nianhua, ana kuma buga su da sassaƙaƙƙen katako a garuruwa irin su Yangliuqing da Yangjiabu. Daga cikin fuskokin da suka fi yawa akwai ta wani baƙin barde mai gemu, riƙe da bulalar ƙarfe. Shi ne Yuchi Gong.

An haife shi a shekarar 585 a Shuozhou, cikin lardin Shanxi na yanzu. Da farko ya yaƙi daular Tang a ƙarƙashin Liu Wuzhou, kafin ya miƙa wuya ga Yarima Li Shimin a 620. Da wasu tsofaffin abokan yaƙinsa suka tsere, sai hafsoshin yariman suka ɗaure shi, suka nemi a kashe shi. Yariman ya ƙi, ya sake shi, ya ba shi zinariya, ya bar masa zaɓin tafiya ko zama. Yuchi Gong ya zauna. Ba a jima ba ya ceci yariman daga mashin Shan Xiongxin.

A 626, a rikicin Ƙofar Xuanwu, shi ya harbe Li Yuanji, ƙanin yariman, lamarin da ya share wa ubangidansa hanyar zama Sarki Taizong. Sai dai girman kai ya so ya kayar da shi: a wata liyafa a 632 ya naushi Yarima Li Daozong a ido, sarki ya ja masa kunne, ya kuwa natsu. A 643 aka zana hotonsa cikin manyan bayin daula 24 a zauren Lingyan. Ya rasu a 658.

Almara ta ce fatalwa ta taɓa hana sarki barci, sai Yuchi Gong da Qin Qiong suka riƙa kwana a bakin ƙofa. Da sarki ya tausaya musu, ya sa aka zana su a ƙyaure, talakawa suka kwaikwaya. Mutumin da aka taɓa ɗaurewa bisa zargin cin amana, shi ne yau ake damƙa wa amanar gida.