Faransis na Asisi, Ɗan Attajirin da Ya Guji Dukiya

A tsakiyar ƙasar Italiya akwai wani tsohon gari mai suna Asisi. A jikin dutsen Subasiyo aka gina shi, da ganuwa da ƙofofi da matsattsun lunguna. A nan aka haifi Faransis wajen shekarar 1181.

Mahaifinsa attajiri ne mai sayar da yadi. Faransis ya taso cikin gata, ba abin da ya sa gaba sai ado da shagali. A 1202 garinsu ya gwabza yaƙi da garin Feruja, aka kama shi, ya yi kusan shekara a kurkuku. Da ya dawo ya sha jinya, daga nan halinsa ya sake. Ya fara hidimar kutare, waɗanda a da yake ƙyama. Wata rana ya ɗebi yadin babansa ya sayar don a gyara wata 'yar majami'a mai suna San Damiyano. Ni dai a nan ban ga ya kyauta ba, tunda kayan ba nasa ba ne. Uban ya kai ƙararsa wajen bishop. A gaban jama'a Faransis ya mayar da kuɗin, ya tuɓe har tufafin jikinsa ya miƙa masa, ya kama gabansa.

A 1219 rundunar Turawa ta kewaye birnin Dimyat na Masar. Faransis ya ratsa fagen fama, shi da abokinsa guda, ba ko sanda, har wurin Sarki Al-Kamil, ɗan ƙanen Salahuddin Ayyubi. Ya je ne ya yi masa wa'azi. Sarkin bai karɓi addininsa ba, amma ya saurare shi, ya karrama shi, ya sa aka mayar da shi lafiya. Yaƙin kuwa bai tsaya ba.

Ya rasu ran 3 ga Oktoba, 1226, idanunsa sun kusa mutuwa. Bayan shekara biyu aka fara gina masa wata makekiyar majami'a a gefen garin, hawa biyu, kabarinsa na can ƙasa. Girgizar ƙasar 1997 ta rusa wani ɓangaren rufin, ta kashe mutum huɗu, daga baya aka gyara. Masu ziyara kan kalli zanen rayuwarsa a bango, sannan su tsaya gaban rigarsa da aka adana, toka-toka, duk faci.