LUWI AGASI, ƊAN FASTO WANDA YA BI SAWUN ƘANƘARA

A watan nan za mu ba ku labarin wani Bature mai ilmi wanda ya rasu tun shekarar 1873. Sunansa Louis Agassiz, a kan faɗe shi Luwi Agasi. Shi ne ya sa duniya ta yarda an taɓa yin wani zamani da ƙanƙara ta rufe manyan ƙasashen arewa. Labarinsa ya shafe mu ta hanya biyu. Da fari, jigayin da mutanen Gumel da Maigatari su ke noma gero a kansu, asalinsu yana cikin wannan zamani. Na biyu, mutumin ya gaskata akwai Mahalicci, ya kuwa shaida haka a gaban masana, duk da haka ya yi mummunan tuntuɓe game da mu baƙar fata. Ya kamata mai koyar da manya a cikin ikilisiya ya san abin nan duka biyu.

Ƙuruciyarsa

An haifi Agasi ran 28 ga watan Mayu, 1807, a wani ƙauye mai suna Môtier, bakin tafki, cikin ƙasar Suwizalan. Ubansa fasto ne, uwarsa kuwa 'yar likita ce. Tun yana yaro ba abin da ya ke so kamar kamun kifi da duban yadda jikinsu ya ke. Iyayensa suka sa shi koyon aikin likita. Ya yi karatu a Zurich, da Heidelberg, da Munich, ya sami takardar likita cikin 1830, amma zuciyarsa tana wajen kifi. Ya tafi Faris wurin babban masani Georges Cuvier, wanda ya ƙware kan ƙasusuwan dabbobin dā. Cikin 1832 aka ba shi aikin koyarwa a garin Neuchâtel na ƙasarsu. Daga 1833 zuwa 1843 ya yi ta buga manyan littattafai a kan kifayen dā waɗanda siffarsu ta zauna cikin dutse. Kafin ya cika shekara 30, sunansa ya riga ya kai ko'ina cikin Turai.

Maharbi da duwatsu

Mu nan, ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ta kan faɗo da hadari wata shekara, ta ɓata amfanin gona, ta narke nan da nan. A ƙasar Agasi ba haka ba ne. A bisa dogayen duwatsun Alps, dusar ƙanƙara ta kan sauka kamar auduga, ba ta narkewa duka, ta bana ta hau kan ta bara. Nauyi ya danne ta har ta zama curi ɗaya mai tauri, ta cika kwari, sa'an nan ta riƙa gangarowa sannu sannu kamar kunu mai kauri. Wannan shi ne kogin ƙanƙara. Yana ɗauke da duwatsu a bayansa da ƙarƙashinsa. Na ƙarƙashi su kan goge fa su bar zane a kai, na bisa kuwa ya kan zubar da su inda ya narke.

A kwarurukan ƙasar, nesa da kowace ƙanƙara, akwai waɗansu manyan duwatsu zaune su kaɗai, wani ya fi soro girma, irinsu kuwa dabam ya ke da dutsen wurin. Sama da garin Neuchâtel akwai ɗaya, ana ce da shi Pierre à Bot, wanda asalinsa daga Alps ya ke, can ƙetaren fili mai faɗi. Wa ya kawo shi? Masana da yawa na lokacin suka ce babbar ambaliya ce, waɗansu suka ce ruwan Tufana ne na zamanin Nuhu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gane gaskiyar ba malami ba ne. Wani maharbin awakin dutse ne mai suna Jean-Pierre Perraudin. Ya lura zanen da ke kan fa a bakin ƙanƙara iri ɗaya ne da wanda ya ke gani can ƙasa cikin kwari, inda mutane ke noma. Cikin 1815 ya gaya wa wani masani, Jean de Charpentier, cewa ƙanƙara ta taɓa cika kwarin duka. Charpentier bai yarda ba. Sai da wani injiniya, Ignaz Venetz, ya bi sawun abin shekara da shekaru, kāna Charpentier ya amince. Cikin 1836 Agasi ya tafi wurin Charpentier a garin Bex yana shakkar maganar. Aka zaga da shi, aka nuna masa. Gani ya kori ji. Ya komo gida ya fi masu nuna masa zafi.

Jawabin Neuchâtel

Ran 24 ga watan Yuli, 1837, masanan ƙasar suka taru a Neuchâtel. Suna tsammani Agasi zai yi zancen kifi. Sai ya tashi ya ce ƙanƙara ta taɓa lulluɓe arewacin duniya kamar mayafi. Dattawa suka fusata. Har babban masani Alexander von Humboldt, wanda ya taimake shi da kuɗi tun yana saurayi, ya ba shi shawara ya koma kan kifinsa.

Agasi bai tsaya gardamar baki ba, ya tafi neman shaida. Ya hau kogin ƙanƙara na Aar, shi da abokansa suka yi 'yar bukka ƙarƙashin wani babban dutse, suka kwana cikin sanyi. Wani mutum ya taɓa gina bukka a kan wannan ƙanƙara cikin 1827. Da Agasi ya neme ta cikin 1839, ya tarar ta gangara fiye da ƙafa 4,000. Ya kafa turaku a jere daga gefe zuwa gefe. Da shekara ta kewayo, na tsakiya sun wuce na gefe, kamar yadda ruwan tsakiyar kogi ya fi na bakin gaɓa gudu. Cikin 1840 ya buga littafinsa a kan kogunan ƙanƙara. Amma a nan wani hali nasa ya bayyana. Bai ba waɗanda suka riga shi girman da ya kamace su ba, har abutarsa da Charpentier ta ɓaci, haka kuma da Karl Schimper, abokinsa wanda ya raɗa wa zamanin suna.

A shekarar nan kuma ya tafi Skotlan, ya zaga ƙasar tare da William Buckland, limamin ikilisiyar Ingila, masanin duwatsu kuma. Buckland ya taɓa rubuta littafi cikin 1823 yana cewa tsakuwa da yumɓun da ke shimfiɗe a Ingila sauran Tufana ne. Da ya ƙara bincike, ya janye maganar, daga baya ya yarda aikin ƙanƙara ne, ya faɗi haka a gaban jama'a. Ku lura, 'yan'uwa: Buckland bai bar bangaskiyarsa ba, nasa lissafin ya gyara. Ya rasu yana bawan ikilisiya.

Abin da ya shafi ƙasarmu

Abin da masana suka samu bayan Agasi ke nan. Wajen shekara 21,000 da suka wuce, bisa ga awonsu, ƙanƙara ta rufe Kanada da arewacin Turai, kaurinta a waɗansu wurare ya kai mil biyu. Ruwa mai yawa ya daskare a tudu, har teku ta ja ƙasa wajen ƙafa 400. Ƙanƙarar nan ba ta zo ƙasar Hausa ba. Abin da ya zo mana fari ne. Ruwan sama ya ragu ƙwarai, Tafkin Chadi ya ƙafe, hamada ta matso kudu, iska ta tara rairayi tudu tudu.

Wanda ya bi hanya daga Gagarawa zuwa Gumel, ko daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari, rairayi zai yi ta takawa, da wuya ya ga dutse irin na Dutse ko Kazaure. A arewa da gabashin jihar akwai dogayen jigayi kwance a jere, da fadamu a tsakaninsu. Sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, watau hanyar da iskar hunturu ke bi har wa yau. Wani masani daga Ingila, A. T. Grove, ya bayyana cikin 1958 cewa tuddan tsohuwar hamada ne, waɗanda ciyawa da itatuwa suka ɗaure bayan ruwa ya komo. Daga kalmar jigawa aka sami sunan jihar da aka kafa cikin 1991. Da ruwan ya komo kuwa, ya komo da ƙarfi. Tafkin Chadi ya cika har gaɓarsa ta kai wajen Bama da Maiduguri. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe cikin 1987, an auna shekarunsa wajen 8,000. Ashe gonar geronka, ɗan'uwa, tana da labari.

Agasi a Amurka

Bashi ya yi wa Agasi yawa saboda buga littattafai, zaman gidansa kuma ya ɓaci. Cikin 1846 ya tafi Amurka. Matarsa Cécile, wadda ta zana masa kifaye da yawa, ta rasu a Jamus cikin 1848. Ya zama malami a Jami'ar Harvard, ya auri Elizabeth Cary cikin 1850, ya kafa babban gidan ajiyar dabbobi cikin 1859. Yadda ya ke koyarwa abin koyi ne. Ya kan ajiye wa sabon almajiri kifi ɗaya, ya hana shi littafi, ya bar shi kwana da kwanaki yana dubawa, har ya ga abin da ke gabansa da idon kansa.

A wurin Agasi, kowane irin dabba tunanin Allah ne wanda ya bayyana a fili, mai bincike kuwa yana bin sawun hikimar Mahalicci ne. Saboda haka da Charles Darwin ya fitar da littafinsa cikin 1859, Agasi ya ƙi koyarwar har ranar mutuwarsa, ko da ya ke abokin aikinsa Asa Gray, mai bi ne na ƙwarai, ya karɓe ta. Amma kada a ɗauka Agasi yana karanta Littafin Farawa kamar yadda ubansa ya karanta. Shi a ganinsa duniya tsohuwa ce ƙwarai, ƙanƙara ta hallaka masu rai, Allah ya sāke halitta, an kuwa yi haka ba sau ɗaya ba.

Babban tuntuɓensa

Daga wannan ra'ayi ya zame cikin rami. Da ya ga baƙaƙen mutane a Amurka, ya ƙyamace su. Ya shiga koyar da cewa ba daga kaka ɗaya 'yan adam suka fito ba, wai an halicci baƙar fata dabam, a wani wuri dabam, darajarsu kuma ba ɗaya ba ce da ta Turawa. Cikin 1850 ya sa aka tuɓe waɗansu bayi a Karolina ta Kudu aka ɗauki hotonsu don ya kafa hujja. An sāke gano hotunan nan a Harvard cikin 1976. Masu bayi suka yi murna da maganarsa, gama babban masani ya goyi bayansu. Wani fasto na garin Charleston, John Bachman, masanin dabbobi shi ma, ya rubuta littafi a shekarar nan yana nuna 'yan adam iri ɗaya ne. Manzo Bulus ya riga ya faɗi haka a Atina, kamar yadda ya ke cikin Ayyukan Manzanni sura 17. Binciken jini da gādon halitta na zamaninmu ya tabbatar Agasi ya yi kuskure. Mutumin da ya koya wa almajirai su duba kifi da kyau, ya kasa duban ɗan'uwansa.

Ko kan ƙanƙarar ma ya wuce gona da iri. Da ya tafi Birazil cikin 1865, ya ce ya ga sawunta a kwarin kogin Amazon. Ba haka ba ne.

A shekararsa ta ƙarshe ya buɗe makaranta a tsibirin Penikese domin manya, maza da mata, yawancinsu malaman makaranta. Ran buɗewa ya roƙe su su sunkuyar da kai su yi addu'a shiru. Ya rasu ran 14 ga watan Disamba, 1873. Aka kawo dutse daga kogin ƙanƙara na Aar aka sa a kan kabarinsa.

Ga masu koyar da manya

Idan dattijo ya tambaye ka a aji ina zamanin ƙanƙara ya shiga cikin Littafi Mai Tsarki, ka rarrabe masa abu uku. Na fari, abin da Littafi ya faɗa. Bai ambaci zamanin nan da suna ba, amma Ayuba sura 38 da Zabura 147 sun nuna ƙanƙara da sanyi a hannun Ubangiji su ke. Na biyu, abin da ƙasa ta nuna: zanen fa, da baƙin duwatsu, da jigayinmu. Na uku, lissafin mutane. Waɗansu masu bi, kamar John Whitcomb da Henry Morris cikin 1961, da Michael Oard cikin 1990, sun koyar cewa zamanin ya biyo bayan Tufana. Oard ya ce sau ɗaya aka yi shi, na wajen shekara 700, domin teku ta yi ɗumi, toka daga duwatsu masu aman wuta kuma ta tare rana. Yawancin masanan ƙasa, har da masu bi a cikinsu, ba su karɓi wannan ba. Sun haƙa ƙanƙarar Antaktika sun auna shekaru 800,000, sun ga sanyi ya zo ya tafi sau da dama, na ƙarshe ya ƙare wajen shekara 11,700 da suka wuce.

Ka faɗa wa ajinka wannan duka da gaskiya. Kada ka ɗora lissafin mutum a bakin Allah, domin in lissafin ya faɗi, kada bangaskiyar mai rauni ta faɗi tare da shi. Ka yi koyi da maharbin da ya lura, da Buckland da ya gyara maganarsa, da naciyar Agasi wajen neman shaida. Ka kuma tuna, mutum ya iya kiran sunan Mahalicci a gaban masana, ya kuwa raina wanda aka halitta cikin kamanninsa. Ubangiji ya tsare mu daga wannan. Amin.